Abin Da Na Gani Ban Faɗa Wa Likita Ba

Zuwa ga maigidana, Baban Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta dace da kai, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, makwancinka da haske da yalwa. Idan ka tambaye mu, muna nan lafiya gwargwadon yadda Allah Ya so. Jiya na fita takaba. Mata sun zo, an yi mini kitso, an sa mini lalle, aka ce in yi murmushi ko yaya ne saboda yara. Na yi.

Na san takarda ba ta isa inda kake. Ba a koya mana haka a makarantar allo ba, ni ma ban ce tana isa ba. Sai dai akwai wata magana da na riƙe a bakina kusan wata shida, kai ne mai ita, kuma na ga gara in faɗe ta inda mutane za su ji, tunda ɓoyon ta ne ya kawo mu nan. Duk wanda ya karanta ya yi mini uzuri. Akwai kalmomin da mace mai shekaruna ba ta saba furtawa ba, yau kuwa sai na furta su.

Cikinka ya daɗe yana damunka, tun Rakiya tana goye. Kana idar da sallar Asuba ka kama hanyar mayanka. Ka dawo da cinyar sa a kafaɗa, daga inda taksi ke sauke ka har teburinka, da hawan nan na unguwarmu Briqueterie da santsin jar laka in an yi ruwa. Ba abin da ke shiga bakinka sai shayi mai kauri da goro har Azahar. In na yi magana sai ka ce, "Ciki ne, ya saba da ni na saba da shi."

Kwalbar ruwan kanwa ba ta taɓa yankewa a bayan ƙofarmu ba. Ni ke jiƙa ta, ni ke tace ta. In zafin ya taso maka a ƙahon zuci ka kurɓa, ka yi gyatsa, ka ce alhamdulillahi, shi ke nan an wuce wurin. Olsa muke ce masa, kamar yadda rabin mahautan layinku ke cewa suna da ita, ba wanda ya ɗauke ta ciwon zuwa asibiti.

Sai bayanka ya fara. Shekaru sun ja, naman kuwa bai rage nauyi ba. Wani abokin sana'arka ya nuna maka ƙwayoyin ciwon jiki da ake sayarwa a faranti a bakin kasuwar Mokolo. Ka sha biyu ka ji garau, ka dawo gida kana yabonsu. Daga nan kullum safiya biyu, a kan cikin da babu komai. Ni ke miƙo maka ruwan. Ban san suna cin bangon ciki ba, wallahi ban sani ba. Wannan ban sa shi cikin abin da nake tuhumar kaina da shi ba, ko da yake yakan zo mini.

Bayan ƙaramar Sallah ciwon ya sake hali. Da can yunwa ke tayar da shi, abinci ya kwantar da shi. Yanzu ya zauna daram, ba ya tashi ba ya kwanciya, yana soka ta baya har kafaɗarka ta dama. Kanwa ta daina yi masa komai. Kana cin loma uku ka ture kwano. Wandunanka suka fara zamewa, na rage maka ƙugunsu da allura ban ce komai ba. Tafin hannunka da na sani ja, ya koma fari kamar an wanke shi da toka. Da yamma jikinka ya ɗau ɗumi.

Ka san bayin gidan hayarmu ɗaya ne, mu gida biyar, yana can ƙarshen tsakar gida. Wata safiya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ka tashi za ka je jiri ya ɗebe ka, ka dafe bango. Na kawo maka fo bayan labule. Ka ƙi, na roƙe ka, ka yarda kana sunkuyar da kai. Da ka gama na rufe shi da tsumma na fita da shi.

A bayi na buɗe. Baƙi ne ƙirin kamar kwalta, mai danƙo, da wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Ni da na raini yara shida na yi jinyar tsohuwarka har ta cika, na san wannan ba na lafiya ba ne. Na tsaya da buta a hannu. Sai na ce wa kaina jiƙon sassaƙen nan ne da aka kawo maka daga arewa, shi ma baƙi ne. Na wanke fo, na wanke hannuna, na dawo na dama maka koko.

Sau huɗu na fitar da shi a makon nan, sau huɗu haka. Kai ka san na gani, ni na san ka sani. Shekara talatin da ɗaya muna ɗaki ɗaya, ba mu taɓa zancen irin wannan ba, kuma ba mu fara ranar ba.

Yayanka Alhaji Babba ne ya ce lallai a je asibiti, Allah Ya saka masa. Shi ya yi lakwal, wato boko, a gidanku, shi ke jin Faransanci sosai, don haka shi ya shiga gaba. Ka san tsakanina da shi. Tun da aka kawo ni gidanku ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci yana gani ba, in zan gaishe shi sai na durƙusa daga bakin ƙofa. A taksi ya zauna gaba, mu a baya. A ɗakin likita kujeru biyu ne, ku kuka zauna, ni na tsaya jikin bango na ja mayafi.

Likitan saurayi ne mai haƙuri, bai yi mana gaggawa ba. Ya danna cikinka, ya buɗe idonka ya duba, ya yi tambayoyi Alhaji na juyawa. Sai ya yi wata tambaya. Faransancina na kasuwa ne, na cinikin tumatir da kifi, amma na san kalmar baƙi, na san kalmar jini, kuma na ji su duka biyu a bakinsa. Na gane abin da yake nema sarai.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya dubi ƙasa, ya ce maka, "Wai yana tambaya, fita dai lafiya?"

Kai kuma ka ce, "Lafiya lau."

Likitan ya ɗago kai ya dube ni. Ni ya duba, Baban Rakiya, ba ku ba. Ya san mace ce ke sanin irin wannan. Maganar ta zo har kan harshena. Sai na ga ƙeyar Alhaji da farar hularsa, na ga yadda za a yi in buɗe baki a gabansa in siffanta bayan gidan ƙaninsa, in kuma ƙaryata ka kana zaune. Na sunkuyar da kai. Likitan ya jira kaɗan, ya rubuta abin da ya rubuta, ya wuce tambaya ta gaba.

Wannan shi ne abin da na yi. Bai kai tsawon karanta Fatiha ba.

Aka tura mu hoton ciki, wanda suke ce wa ekografi. Mai hoton ya shafa maka wani abu mai sanyi, ya yi ta yawo da na'ura, ya tsaya wuri ɗaya ya daɗe. Sakamako ya ce akwai wani abu a jikin hanta, ta gefen da take maƙwabtaka da tumbi. Likitan ya ce ko ƙurji ne mai ruwa a ciki, ko kuwa abin da ba a so a ambata. Ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce a sha a dawo a sake dubawa. Daga ranar hankalin kowa ya koma kan hanta. Ba wanda ya ƙara waiwayar ciki.

Kai da ka yi shekara arba'in kana juya hanta a tafin hannunka, kana jin haka ka yanke wa kanka hukunci. A hanyar gida ka ce, "Na san irinta. In likitan dabbobi ya ga hanta da kumburi, ba ya gyara ta, kalanzir yake zuba mata." Alhaji ya yi maka faɗa. Amma na ga fuskarka, ka riga ka gama.

Ka ba wa abokin aikinka teburinka. Ka kira yaran ɗaya bayan ɗaya ka yi musu nasiha. Ranar komawa asibiti ta zo ka ce ƙafarka ba za ta ƙara taka wurin ba, gara ka cika a ɗakinka. Ciwon kuwa yana ƙaruwa, sai ka ƙara ƙwayoyin Mokolo, biyu suka zama huɗu. Ka ce mai tafiya ba ya tsoron magani. Ni ce na riƙa zuwa ina sayo su, don ba na iya kallonka kana murƙususu a kan tabarma.

Kullum safiya in na fitar da fo sai in ce yau zan faɗa, ko ga Rakiya ce, ta kai maganar asibiti. Sai kuma in ce ai an riga an gano ciwon, hanta ce, me tona maka asiri zai ƙara. Haka na yi ta yi mako biyar. Na ba wa shiruna suna mai kyau, na kira shi sutura.

Ranar wata Juma'a da hantsi, ina yanke maka farce don masallaci, ka ce zuciyarka na tashi. Kafin in jawo kwano jini ya cika gaban rigarka. Maƙwabta suka ɗauke ka a tabarmar har bakin titi.

A babban asibitin da aka kai ka, likita mace ce ta karɓe mu, mutuniyar Garwa, tana Hausa da harshen Fillanci. Abin da ta fara yi shi ne ta ce duk maza su fita, har Alhaji. Ta ja ni gefe ta riƙe hannuna ta tambaye ni kai tsaye, da sunan abin, ba kwana-kwana. Na faɗa mata. Ta ce tun yaushe. Na ce tun bayan ƙaramar Sallah. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mahautan layinku suka yi layi suna ba da jini, har da waɗanda kuka yi shekaru ba kwa ga maciji. Da jikinka ya ɗan tsaya, aka zura maka siririn bututu mai fitila ta baki har cikin tumbi, fibroskopi suke ce masa. Likitar ta ce ta ga gyambo babba mai zurfi, a ƙasansa kuma wani nama mai duhu da ba ta gane ba. Ta tsinko ɗan kaɗan aka kai ɗakin bincike, aka ce sakamako sai an jira kwanaki. Kwana biyu kana samun sauƙi, har ka sha kunu ka tambayi wa ke kan teburinka. A na huɗu, bayan La'asar, jinin ya sake ɓallewa. Suna shirin shiga da kai tiyata Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan sadakar bakwai Rakiya ta je ta karɓo takardar sakamakon. Likitar ta ce tana son ganina, na ce ina takaba, sai ta zo da kanta har gida ranar da ba ta aiki. Ta zauna a tabarma kamar 'yar gida ta yi mini bayani a hankali.

Ba ciwon daji ba ne, Baban Rakiya. Hantarka lafiyarta ƙalau.

Gyambon cikin nan ne da muka raina. Ya ci bangon tumbi a hankali har ya huda shi. Ta ce galibi in haka ta faru, abin da ke ciki yakan zube, cikin mutum ya ƙame kamar katako, a ruga da shi asibiti a ranar, ba mai iya zama da shi a gida. Kai kuwa naka ya huda ne daidai inda hanta ke jingine da tumbi, sai hantar ta manne ta toshe ramin. Ba abin da ya zube. Gyambon ya ci gaba da ci, yanzu a jikin hantar. Shi ne abin da mai hoto ya gani ya zaci kumburi, shi ne naman da ta gani a ƙasan gyambon, kuma da aka duba ɗan abin da ta tsinko a madubin bincike, naman hanta aka samu. Ta ce ba kasafai ake ganin irin wannan ba, kuma yakan ruɗi likitoci, don hoto daga waje yana nuna hanta, alhali ƙofar ciwon tana cikin tumbi. Sai an leƙa ta ciki ake gane shi. Abin da ke sa a leƙa kuwa, mafi yawa, shi ne a ji cewa mutum na zubar da jini. Baƙin nan da na gani jini ne da ya narke a hanya.

Ta ce yana da magani. Wani a tsayar masa da ƙwayoyin ciwon jiki, a ba shi masu kashe zafin ciki da na ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon, ya warke. Wani sai an yi masa aiki.

Na tambaye ta abin da kai ma ka san zan tambaya. Ta ce, "Hajiya, rai na Allah ne, ba zan ce miki da ya rayu ba. Amma da an ji wannan a ranar farko, da a makon aka leƙa cikinsa." Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba.

Ranar arba'in, bayan mutane sun watse, Alhaji Babba ya tsaya a bayan labulen ƙofata. Bai shigo ba. Ya yi sallama, na amsa daga ciki. Sai ya ce, "Na ji abin da likitan nan ya tambaya. Nauyinki na ji." Na ji takunsa yana fita. Ashe shi nauyina ya ji, kai nauyinsa ka ji, ni na ji nauyinku ku biyu. Mu uku muna ta girmama juna a ɗaki ɗaya, kana zubar da jini a tsakaninmu. Ban riƙe shi da komai ba. Shi bai gani ba, zato kawai ya yi. Kai kuma marar lafiya ne, ba a kama marar lafiya da laifi. Ni ce na gani da idona.

Na aika an tambayar mini malam. Ya ce ajali ba ya gaba ba ya baya, kunya kuma tana cikin imani, in daina azabtar da kaina. Na yarda da ajali, ban taɓa shakka ba. Ko da na yi magana, in kwananka ya ƙare ya ƙare. Amma ni na haddace ƙarshen Baƙara tun ina 'yar shekara goma sha biyu, na san abin da aka ce game da mai ɓoye shaida. An tambaya, ina da amsa, na riƙe. Ba a kan kwananka za a tambaye ni ba, a kan shiruna ne. Kuma kunyar da aka ce tana cikin imani, ban tsammanin ita ce wadda na ji a ɗakin nan. Tawa ta tsoron idon mutum ce.

Yanzu in mata sun zo gaishe ni ina faɗa musu. Wasu su rufe fuska da mayafi, wata ta ce haba Maman Rakiya, da girmanki. Wata kuma, matar wani tela a unguwar Nkomkana, washegari ta kai mijinta asibiti. Ban san abin da aka samu ba. Ban kuma ji nauyin ya ragu ba.

Akwai abin da na tsallake, don shi ne ya fi yi mini wuya.

A ranar ta huɗu, kafin jinin ya dawo, kamar ka ji a jikinka. Ka miƙo hannu ka kama bakin mayafina, abin da ba ka taɓa yi a gaban mutane ba. Ka ce, "Uwani, na yafe miki duniya da lahira, abin da na sani da wanda ban sani ba. Ke ma ki yafe mini." Na ce na yafe. Na buɗe baki zan ce maka, Malam, ranar nan a gaban likita na ji tambayar, na san amsar, na yi shiru, wannan nake so ka yafe mini da sunansa. Sai ga Alhaji zaune a ƙarshen gadon yana karanta Yasin. Na dube shi, na dube ka, na sake yin shiru.

Sau biyu, mijina. Na biyun ma bayan na riga na ga inda na farkon ya kai mu.

Mutane suna ce mini yafiyarka ta haɗe komai, tunda ka ce har wanda ba ka sani ba. Watakila haka ne. Kai mai sauƙin hali ne, da na faɗa da ka ce in bar zancen, ka ce ai kai ka fara cewa lafiya lau. Na san har yadda za ka karkata kai in kana faɗa. Amma ban ba ka damar faɗa ba, kuma ita nake nema yanzu ba ta samuwa. Shi ya sa na rubuta shi a nan ƙarara, Alhaji zai karanta, yaranmu za su karanta, duk layin mahauta za su ji. Na gani, an tambaya, ban faɗa ba. Ka yafe mini, abokin zamana. Ka yafe mini wannan ɗin.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubansa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa shi, Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka saka wa duk wanda ya ba shi jini da wadda ta gaya mini gaskiya. Ka sanyaya zuciyar yayansa. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka san abin da na riƙe da dalilin da ya sa na riƙe, Ka yi mini sassauci, kuma in Ka tara mu ranar da ba a ɓoye komai, Ka ba ni iko in faɗa masa da bakina, ko wa ke tsaye a wurin. Amin.

Wassalam.

Matarka,
Uwani, Maman Rakiya
Briqueterie, Yawunde